An Taya Gidan Da Kake So: Ka Ƙara Kuɗi, Ka Ɗaure Shi Da Rubutu, Ko Ka Janye?

Ka ga gida, ka zagaya shi sau biyu, ka kai maiɗakinka ta leƙa kicin da tsakar gida ta ce ya yi mata. Mai gida ya sa masa suna naira miliyan 45, ka taya 38, aka ce albarka, aka rabu a kan za a sake zama. Bayan sallar Magariba sai ga wayar dillali: "Alhaji, gidan nan fa wani ya shigo. Ya ba da 40, gobe da hantsi zai yi tiransifa. In kana so, ka motsa." Tsakanin wannan wayar da wayewar gari mutane da yawa suke yanke shawarar da za su yi shekaru suna jin ciwonta. Wani ya biya abin da gidan bai kai ba, wani kuma ya tura kuɗi kan gidan da takardarsa take jingine a banki.

Hanyoyin da ke gabanka ba su wuce biyar ba. Ko ka bi abokin takararka da ƙari, ko ka tsaya a kuɗinka ka gyara sharuɗɗa, ko ka ɗaure gidan da kafin alƙalami da rubutu, ko ka yi tayi ɗaya na ƙarshe mai wa'adi, ko ka janye. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farkon ita ce kowa yake fara rugawa gare ta, kuma ita ce ta fi tsada, ta fi rauni. Amma kafin a auna su sai an san abu uku: ko da gaske akwai wani mai tayin, inda cinikinsa ya kai, da kuma inda ƙarfinka ya tsaya.

Da gaske akwai wani?

A Kano da Kaduna da Abuja da wuya gida ya iso gare ka ta bakin mutum ɗaya. Mai gida ya gaya wa dillalinsa, shi ya gaya wa wani, wancan ya sa hoto a WhatsApp. Kafin maganar ta zo kunnenka ta bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, ƴan kayi-na-yi, kowa yana jiran rabonsa a la'ada, wani ma ya riga ya ɗora nasa a kan kuɗin. Sau da yawa "wani ya taya" gaskiya ce, don gida mai kyau a unguwa mai ruwa da hanya ba ya daɗewa a kasuwa. Wani lokacin kuma tayin da ake tsorata ka da shi naka ne. Idan ka tambayi gida ɗaya ta hannun dillalai biyu, mai gida zai ji cewa mutum biyu ne suke nema, kowane dillali ya koma ya ce maka akwai wani, ka zauna kana takara da kanka. Don haka tun farko ka shiga gida ta ƙofa ɗaya.

Maganin shakka shi ne zama da mai gidan da kansa, ko da wakilin da yake riƙe da takardar wakilci. Ka tambaye shi a gaban dillalin: nawa aka taya, an sallama ko ba a sallama ba, an karɓi wani abu a hannun mutumin ko ba a karɓa ba. Mai gaskiya ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi. Alamomin tayin bogi kuwa sanannu ne. Kullum yana gaban naka da ɗan kaɗan, kana ƙarawa yana ƙarawa cikin awa ɗaya, dillali yana ta kawo dalilin da ya sa ba za ka ga mai gida ba, sannan "goben" da aka ce za a biya ta zo ta wuce gida yana nan.

Wannan dabarar tana da suna a fiƙihu, najashi: mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani ya ƙara. Annabi (SAW) ya hana shi, kuma malaman Malikiyya sun ce idan da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da damar mayar da kayan. Sai dai tabbatar da hakan bayan an biya kuɗi aiki ne mai wuya, shi ya sa ake tare shi tun a wurin zama.

Tambaya ta biyu, ta sallama, ita ce take raba halal da abin da aka hana. Hadisi ya hana mutum ya yi tayi a kan tayin ɗan'uwansa, kuma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta fayyace cewa hanin yana kan lokacin da masu cinikin suka karkata ga juna suka kusa ƙullawa, ba farkon tayi ba. Ke nan muddin mai gida yana cewa albarka, ƙofa a buɗe take ga kowa. Da zarar ya ce ya sallama wa wani, ka cire hannunka ko da kana da ninkin kuɗin. Ta fuskar dokar ƙasa ma haka ya fi maka. Idan mai gida ya riga ya karɓi wani ɓangare na kuɗin gidan a hannun wani ya ba shi rasit, wancan yana da abin da zai riƙe ya kai ƙara, kai kuma da ka saya da saninka ka sayi shari'a ne tare da gida. Dillalin da ya ce maka "ai za a mayar masa da kuɗinsa" ba shi zai tsaya a gaban alƙali ba.

Ka san iyakarka kafin a sake kiranka

Kuɗin da ke asusunka ba shi ne iyakarka ba. A ce kana da miliyan 48. Ka kai magini da mai aikin famfo da mai wuta su duba gidan, suka ce kwanon rufi da silin na ɗaki biyu, sokawe da ya cika, da sauya wayoyin wuta za su ci miliyan 3.5. Ka ware, misali, miliyan 2 na lauya da bincike da rajistar takardu, da miliyan 1 na kwashe kaya da abin da ba a zata ba. Saura miliyan 41.5. A cikin wannan ne la'ada za ta fito. Idan kashi 5 cikin 100 ne a kanka, kamar yadda aka fi yi, sai ka raba 41.5 da 1.05, ka samu kusan miliyan 39.5. Wannan ce iyakarka ta gaskiya, ba 48 ba. Wanda bai yi wannan lissafin ba zai ga kamar yana da sararin miliyan takwas a kan tayin 40, alhali tayin 40 ɗin ma ya riga ya wuce shi.

Sai kuma darajar gidan kansa, wadda ba ruwanta da aljihunka. Ana auna ta ta hanya biyu, kuma ya kamata a yi duka biyun. Ta farko, ka tambayi nawa aka sayar da fuloti mai girman wannan a layin ko bayansa cikin watanni shida da suka wuce, kuɗin da aka biya ba sunan da aka sa ba, ka haɗa da abin da ginin irinsa zai ci a yau, ka rage tsufa da gyara. Ta biyu, ka duba haya. Gidan da ake ba da shi miliyan 1.8 a shekara, in ka saye shi 40 sai ya yi shekara 22 da ɗoriya kafin ya mayar da kuɗinsa, in ka saye shi 45 sai shekara 25. Idan kuɗin ya yi nauyi, kuɗin da za ka ba ƙwararren mai kimanta kadara mai rajista bai kai ƙarin da za ka yi cikin ruɗu ba. Ka rubuta iyakar a takarda, ka gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, amma ban da dillali. Ribarsa tana ƙaruwa ne da ƙaruwar kuɗin, ko da mutumin kirki ne.

Bin tayi da ƙari

Amfaninsa ɗaya ne: kowa yana gane shi nan take, ba ya buƙatar lauya ko dogon bayani. Yana aiki idan tayinka na farko dama ƙasa yake da darajar gidan, ka san da haka, kuma mai gidan ba abin da ya dame shi sai yawan kuɗi.

Illarsa ta fi yawa. Duk ƙarin da ka yi kana koya wa mai gida cewa akwai saura a bayansa. Ka tashi daga 38 zuwa 40.5, aka dawo aka ce wancan ya ba da 41, ka ce 41.5. A nan mai gida ya daina tunanin sallamawa, ya koma jiran ya ga inda za ku tsaya. Wani ma sai ya janye gidan gaba ɗaya, ya ce ashe ya yi masa suna da araha. Kuma ƙari ba ya ɗaure kowa. Ka ci gasar da daddare da baki, da safe wani ya zo da dubu 500 a kai a sake buɗe ciniki. Sannan kowace miliyan da ka ƙara ba miliyan ba ce, tana jan la'adarta, tana kuma cinye kuɗin gyaran da ka ware. Haka ake samun mutum ya tare a gidan da rufinsa yake yoyo ya kasa taɓa shi har damina biyu.

Akwai wata dabara da ake yi a Amurka, inda mai saye yake rubuta cewa zai ɗora wani adadi a kan duk tayin da ya fi nasa har zuwa wata iyaka. Can tana tafiya ne don tayi a rubuce yake, kuma ana iya neman a nuna takardar ɗaya tayin. A kasuwar da tayi yake yawo a baki, faɗin "duk abin da ya bayar na ƙara dubu 200" daidai yake da miƙa wa dillali mabuɗin asusunka. Kada ka yi.

In dole sai ka ƙara, ka ƙara sau ɗaya, a gaban mai gida, kuma ka haɗa shi da sharaɗin a rubuta a sa hannu a wannan zaman.

Tsayawa a kuɗi, a gyara sharuɗɗa

Nan ne mai saye mai natsuwa yake kayar da wanda ya fi shi kuɗi. Ba wanda yake sayar da gida haka kawai, akwai abin da ya taso masa. Wani bashi ne ya matso shi da ranar biya. Wani yana son cika kuɗin kujerar Hajji kafin a rufe. Wani ɗan kasuwa ne yana son jari kafin kaka ta wuce. Wani ya gina sabo bai ƙarasa ba, da kuɗin wannan zai ƙarasa, kuma ba shi da inda zai kai iyalinsa kafin nan. Magada kuma suna son a raba kowa ya kama gabansa. Idan ka gano dalilin, ka gano abin da ya fi masa miliyan ɗaya.

Ga mai gaggawa, abin da za ka sayar masa shi ne tabbas da lokaci. Tun da aka saki naira kasuwa ta tsayar da darajarta a watan Yunin 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a farkon shekarar, masu gida suka koyi cewa kuɗin da za a biya bayan wata uku ba daidai yake da na yau ba. Saboda haka 39.5 a dunƙule cikin kwana goma tana iya doke 41 da za a biya kashi uku. Ka nuna shaidar kuɗin, ko takardar bayanan asusu ko cekin banki da aka rubuta da sunan mai gidan, don ya ga ba cika baki ba ne.

Ga wanda bai gama sabon gininsa ba, ka ba shi wata uku ko huɗu ya zauna bayan an biya. Wannan kyauta ce babba, domin ta raba shi da biyan hayar shekara da kwashe kaya sau biyu. Amma tana da haɗari, kuma dole a rubuta ta da kyau: ranar fita, da wani kaso na kuɗin, misali kashi 10 cikin 100, da za a riƙe sai ranar da ya miƙa mabuɗi. In ba a riƙe komai ba, wata uku yana iya zama shekara, ka koma kana roƙon mutum ya fita daga gidanka.

Ga gidan da ɗan haya yake ciki, karɓar sa a haka sauƙi ne ga mai gida. Ka dai san abin da ka ɗauka. Mai hayar shekara, in ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniyarsa ba, yana da notis na wata shida, bayansa na kwana bakwai, kafin ma a je kotu. Ka nemi rasit ɗin hayarsa ka ga ranar da za ta ƙare, kuma a cire maka kuɗin watannin da ya riga ya biya.

Raunin wannan hanya shi ne ba ta tafiya ta bakin dillali. Shi adadi yake kaiwa, ba sharaɗi ba. Sai ka zauna da mai gida, zai fi kyau tare da wani dattijo da yake ganin girmansa.

Kafin alƙalami da rubutu

Wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan masu saye, domin tana rufe ƙofar takara ba tare da ta tilasta maka biyan kuɗi duka a makance ba. Amma kafin alƙalamin da aka saba, a ba da wani abu a gaban shaidu a sha hannu, ba ya wadatarwa a lokacin da wani yake tsaye da ƙari. Mai gida zai iya kiran ka ya mayar maka da kuɗinka ya ce a yi haƙuri. Abin da yake ɗaurewa shi ne takarda.

Takardar ta ƙunshi cikakken sunan mai gida kamar yadda yake a takardar mallaka, lambar fuloti da iyakokinsa ta kusurwa huɗu, jimlar kuɗin da aka sallama, abin da aka bayar yau, ranar cika saura, da alƙawarin cewa ba zai nuna gidan ko ya karɓi tayin kowa ba har wannan ranar. A rubuta ƙarara cewa idan bincike ya nuna matsala a takarda, kamar jingina, rikicin gado, shari'a a kotu ko saɓanin suna, za a mayar da kuɗin duka cikin kwana kaza. A rubuta wanda zai biya la'ada da nawa. Mai gida ya sa hannu da kansa, da shaidu biyu ta kowane ɓangare, a haɗa da hoton katin shaidarsa.

Kalma ɗaya a wannan takarda tana da nauyi ƙwarai. Kotunan Najeriya suna bambanta kuɗin da aka ajiye don nuna da gaske ake da kuɗin da aka biya a matsayin wani ɓangare na farashin gida. Na farko mai saye yana iya rasa shi in ya fasa. Na biyu yana nuna an ƙulla ciniki, saura cikawa, kuma shi ya fi ba ka ƙarfi idan mai gida ya so ya juya. Ka sa lauyanka, ba lauyan mai gida ba, ya rubuta wanda ake nufi.

Ta ɓangaren addini ma akwai abin lura. Cinikin da aka ce in mai saye ya fasa mai kaya ya cinye abin da aka ba shi, Imamu Malik bai halatta shi ba, Hambaliyya ne suka halatta. Wanda za a mayar in ciniki bai yiwu ba, ba saɓani a kansa. Malikiyya sun kuma yarda da ciniki bisa zaɓi, inda ake ba mai saye wa'adi ya bincika ya yi shawara, kuma wa'adin gida a wurinsu kamar wata guda ne, sai dai ba sa yarda a shardanta miƙa wa mai kaya kuɗin a cikin wa'adin. Shi ya sa ajiye kuɗin a hannun amintacce na uku, kamar lauyan da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ya fi tsafta, ya kuma fi sauƙin dawowa. Kuɗin da ya shiga hannun mai bashi ko aka raba wa magada bakwai, fito da shi sai an sha wuya.

Nawa za a bayar? Abin da zai sa mai gida ya ga da gaske kake, wanda kuma in ya maƙale ba zai karya ka ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ya isa. Wa'adi kuma kwana 14 zuwa 21. Ƙasa da haka bincike ba zai kammala ba, fiye da haka mai gida zai fara jin an tsare shi. A biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan ko amintaccen da aka rubuta a takarda, ba na dillali ko ɗansa ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Ko ba don doka ba, tiransifa shaida ce da ba ta mantuwa.

Wa'adin nan don bincike aka saye shi, kuma bincike shi ne abu ɗaya da ba a sadaukarwa don a ci gasa. Kana iya haƙura da fenti, da kwanan wata, har da miliyan ɗaya, amma ban da wannan. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da gida mai takardar shaidar mallaka, wadda kowa yake kira C of O, yana buƙatar amincewar gwamna. Lauyanka zai kai lambar fayil ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ya ga sunan wa ke kai, ko an jinginar, ko an soke, ko akwai bashin harajin fili. Safiyo ya auna ya tabbatar fulotin da ke takarda shi ne wanda kake tsaye a kai. A leƙa hukumar tsara birni a ga ko ginin yana kan hanya, magudanar ruwa, ƙarƙashin babbar wayar wuta ko filin gwamnati. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, wanda ya haɗa da shagunan filin Idi da ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa sanin asalin fili yana da muhimmanci kamar ganin takardarsa. Gidan cikin gari da ba shi da C of O kuwa, bincikensa a ƙafa ake yi: mai unguwa, maƙwabta na dama da hagu, limamin masallacin layin, da takardun cinikin baya ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wanda ya fara mallaka. Idan abokin takararka ya yarda ya biya gobe ba tare da ya duba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma mai gida ya ƙi ba ka ko kwana bakwai, ka bar masa.

Tayin ƙarshe mai wa'adi, da janyewa

Tayin ƙarshe ya dace da inda ka tabbatar akwai mai nema na gaske, kuma ka ga alamar za a yi ta jan ku. Ka faɗi iyakarka sau ɗaya a rubuce, da sharuɗɗanka, ka ce tayin yana nan har bayan sallar Juma'a, daga nan ka tashi. Yana kashe ja-in-ja, yana kuma mayar da matsin kan mai gida. Sharaɗinsa ɗaya: ya zama na ƙarshen ne da gaske. In ka dawo ranar Asabar da ƙari, maganarka ta zube, ba kuma za a sake ɗaukar ta da nauyi ba.

Janyewa kuma ba rufe ƙofa ba ce. Ciniki da yawa da aka ci da babban tayi yana rushewa, ko kuɗin mai tayin bai haɗu ba, ko dama yana jiran ya sayar da wani fili ne. Ka yi sallama da mai gida cikin mutunci, ka bar masa lambarka shi da kansa, ka ce in an fasa kana nan a kan maganarka. Wanda aka dawo wa da shi bayan sati uku shi yake da ƙarfi a zama na biyu.

Wace hanya ga wane gida

Gidan gado ya fi kowanne jawo takara, kuma ya fi kowanne haɗari. Sau da yawa kowane ɓangare na magada yana da nasa dillalin da nasa mai sayen, sai ka ga babban wa ya sallama wa wani, ƙannensa sun sallama wa wani. A nan ƙarin kuɗi ba ya warware komai. Abin nema shi ne takardar rabon gado daga kotu, da sa hannun duk magada, mata da maza, da waliyyin marayu ƙanana, da wakilcin wanda yake nesa a rubuce. Sannan akwai shuf'a. Idan kason wani magaji ka saya a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya abin da ka biya ya karɓe. A mazhabar Malikiyya wanda yake gari haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, wanda ya yi tafiya kuwa yana nan a kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Don haka a gidan gado hanya ta uku kaɗai ta dace, kuɗi a hannun amintacce, kuma duk mai haƙƙin shuf'a ya rubuta cewa ya yafe.

Gida mai C of O da sunan mai sayarwa, wanda bincike zai iya fitowa cikin kwanaki, shi ne inda haɗa sauri da ɗan ƙari sau ɗaya yake da ma'ana.

Mai saye da rance kuwa, ko na asusun gidaje na ƙasa da FMBN, bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya, yake gudanarwa a kan ruwa kashi 6 cikin 100 har zuwa shekara 30, ko ta bankunan da ba sa harka da ruwa irin su Jaiz da TAJ, ya san cewa ba zai yi tsere da mai kuɗi a hannu ba. Banki sai ya kimanta gidan, ya binciki takarda, kuma ba zai ba da kuɗi a kan abin da ya wuce kimarsa ba. Duk abin da ka ƙara a zafin takara daga aljihunka zai fito. Abin da ya fi maka shi ne ka nemi mai gidan da ba ya gaggawa, ka ba shi wa'adin zama, ka ɗaure da rubutu mai tsawon da bankin ya ce aikinsa zai ɗauka, da sharaɗin mayar da kuɗi in rancen bai fito ba.

In Allah ya sa kai aka sallama wa, ranar cika kuɗi a yi komai a zama ɗaya. A sa hannu a takardar miƙa mallaka, ka karɓi takardun asali ba kwafi ba, ka karɓi rasit, a zaga da kai iyakokin gidan a gaban shaidu da mai unguwa, a miƙa maka mabuɗi. Ka sauya kwaɗo a ranar, ka sa mutum a ciki ko ka fara gyara, domin kasancewar gida a hannunka hujja ce a kotu. A cikin satin lauyanka ya shigar da neman amincewar gwamna da rajista, saboda inda aka sayar wa mutum biyu gida ɗaya, wanda ya riga yin rajista ba tare da sanin cinikin ɗayan ba shi ne yake gaba.